Kwas Ɗin da Ubana Ya Hana Ni

Da damunar bana mahaifina, Malam Isiyaku mai wayarin na Sabon Gari, ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, tsofaffin ɗalibansa ne ke riga ni tunawa. Tun da safe wayata za ta fara ƙara, wannan ya ɗora hotonsa, wancan ya rubuta "Allah ya jiƙan Babanmu", ni kuma da na fito daga tsatsonsa sai in bi sahu in ce amin. Bana na ce ba zan yarda ba, ni ma sai na faɗi nawa, ko da ba zai yi kama da yabon da aka saba yi wa mamaci ba. Sunana Binta, ni ce 'yarsa ta fari, malamar sakandare ce ni a Samaru, kuma ina kishin ɗaliban ubana. Na faɗa tun yanzu don kada mai karatu ya sha wahalar tonowa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam ma'aikacin lantarki ne a sashen gyare-gyare na jami'a, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tsani tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen malamai. Da ya yi ritaya bai koma gona ba kamar sauran abokansa. Ya kama wani shago mai ƙofa biyu a Sabon Gari, bayan layin masu sayar da kayan wuta, ya jera benci, ya kafa allunan katako a bango, ya ce zai koyar da wayarin, wato ɗaura wayoyin lantarki a gida, cikin sati shida. Mutane suka yi masa dariya. A lokacin hanyar koyon sana'a ɗaya aka sani: a kai yaro wurin maigida, ya yi shekaru ana aikensa sayen kunu kafin a bar shi ya riƙe filaya. Malam ya ce mai iyali ba shi da shekarun zubarwa, haka ma mai aikin ofis da ke neman ƙarin abin yi da yamma. Kafin a jima benci ya cika. Akwai masinjoji, akwai sojojin barikin Basawa masu shirin ajiye kaki, akwai 'ya'yan Ibo masu shagunan layin, akwai waɗanda suka gama digiri suka gaji da yawon neman aiki, har da mata, abin da ya sa wasu dattawan masallacinsu suka ɗan ja baya da shi na wani lokaci. Duk wanda ya shigo shagon nan Baba yake ce masa. Ni kuwa Malam nake ce masa, kamar baƙuwa.

Dalili ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan Hausawa na da: kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane, in da hali ma ba ya bari a gan su zaune wuri ɗaya. Yaran yanzu da nake gani uba ya saɓa a kafaɗa ya shiga da su kanti ba za su gane ba. Wasu iyayen sukan sassauta in ɗa ya girma, Malam kuwa ya riƙe abin kamar farilla. Ana yaye ni aka kai ni Samaru wurin ƙanwarsa, Goggo Ladi, a hannunta na girma. Ban rasa ci ko sutura ko makaranta ba, kuma na san duk daga wurinsa suke fitowa. Sunana ne dai ban taɓa ji a bakinsa ba. In yana son a kira ni sai ya ce wa ƙannena, "Ku kira yayarku." In ni kaɗai ce a wurin sai ya yi gyaran murya. Kowa ya gaya mini ba ƙiyayya ba ce, ni ma na gaya wa kaina, kuma na yarda, amma abin bai daina yi mini ciwo ba.

Lokacin da ya buɗe shagon ina kwalejin horon malamai. Ranar Asabar Goggo kan dama faten tsaki da yakuwa, wanda yayanta yake so, ta ba ni in hau bas daga Samaru in kai masa. Tun daga bakin layi nake jiyo muryarsa. Ashe mutumin nan yana da dariya, har da ƙyaƙyatawa! Zan ji yana zolayar wani sajan da ya ɗaura waya a karkace, yana kiran kowa da sunansa har da laƙabin da ya raɗa masa. Ina yin sallama sai fuskar ta koma irin ta gida, ya dubi bango.

"Lafiya?"

"Goggo ce ta ce a kawo, tana gaisuwa."

"Madalla. A ajiye can. A gaishe ta."

Shi ke nan rabona na sati. Kafin in kai ƙofa an buɗe kwanon, ɗalibai sun zagaye shi da cokula, dariya ta ɗora daga inda ta tsaya. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, to ni a gindinta aka haife ni. Nakan laɓe a jikin shagon mai sayar da soket kamar ina gyara ɗankwali, don kawai in ji ƙarshen labarin da zuwana ya katse.

A cikinsu duka wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Rifkatu. 'Yar wani ma'aikacin reluwe ce, iyayenta daga kudancin Kaduna suke, amma a Sabon Gari aka haife ta, kuma na girme ta da kaɗan. Ta zo yin sati shida, ta zauna har ƙarshen ransa, domin da ta gama ya riƙe ta tana taya shi koyar da sababbi. Ba ya taɓa hannun mace, don haka in zai gyara mata riƙo sai ya kama sukudireban daga ƙasa ya juya tare da ita har ta ji yadda ake ɗaurewa. Na ga wannan da idona. Na kuma ji da kunnena ranar da wani ɗan kwangila ya zo neman mai aiki, ya ga an nuna masa mace ya yatsine fuska. Malam ya ce masa, "Wannan 'yata ce. In ta ɗaura maka, ni na ɗaura." Ina tsaye da kwanon fate a hannu. An ce kishi kumallon mata ne; nawa ba a kan miji ya fara ba, a ƙofar shagon nan ya fara, kuma har yau bai sauka ba. Abin haushin, yarinyar ba ta da laifin da zan kama. In ta gan ni har ƙasa take durƙusawa ta ce, "Yaya, sannu da zuwa," ta karɓi kwanon, ta kakkaɓe mini benci. Da ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya da na samu abin riƙewa.

Na taɓa gwada sa'ata. Bayan na fara koyarwa aka yi dogon hutu, na ce wa Goggo ta gaya masa ina so in shiga kwas ɗin kamar kowa, ba na neman alfarma. Ba wayarin nake so ba, Allah ya sani, benci nake so. Goggo ta je ta dawo da amsa gajeruwa: in sana'ar nake so, akwai wani abokinsa a Tudun Wada, zai yi masa magana. Ɗa ba ya koyo a hannun ubansa, in ji shi, hannun uba ko ya yi nauyi ko ya yi sanyi. To ƙanena Sani fa? Shi har lallashinsa aka yi, aka saya masa akwatin kayan aiki sabo fil, ya zo 'yan kwanaki ya gudu ya koma tuƙin mota. Yau yana jigila tsakanin Zariya da Kano, ko fiyus bai iya canzawa ba. Wanda aka ba ya ƙi, wadda ta roƙa aka nuna mata Tudun Wada. Ban je ba.

Da muka gina gidanmu a Samaru ni da maigidana, na ɗauka ko yanzu zai zo, tunda aiki ne ba ziyara ba. Na manta uba irinsa ba ya taka gidan 'yarsa ta fari. Rifkatu ya turo da tsani da babban naɗin waya. Ta yi aikinta tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, tana tambayata inda nake son makunnin kicin, ni kuma ina amsawa da ƙyar. Ya zama duk fitilar da na kunna a gidana da hannunta aka ɗaura ta. Tun daga lokacin ko soket ɗaya bai taɓa yin baƙi ba, kuma in gaya muku gaskiya wannan ma haushi yake ba ni. Na sha fatan wani abu ya ƙone, ƙarami dai, ba mai haɗari ba, don in samu abin faɗa.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ɗalibansa suka raba jinya a tsakaninsu ba su tambayi kowa ba. In na zo sai in tarar sun zagaye gado, yana ta warware musu matsalolin da suka kawo daga wuraren aiki, murya ta shaƙe amma baki bai mutu ba. Ina shiga su tashi su ba ni wuri, wai ladabi, ɗaki ya yi tsit. Sai ya tambayi lafiyar yara da ta maigidan yana kallon ledar ƙarin ruwan da aka rataya masa. Ni ma ban iya komai ba sai "Ya jiki, Malam?" Kunyar ai ba shi kaɗai ta ɗaure ba. Ranar da ya cika, Rifkatu ta yi kukan da aka ji har bakin titi. Ni babba ce a gida, aka ce in daure in ba ƙannena haƙuri, na daure. A zaman makoki kuwa na ga abin mamaki: mutane su gaishe ni a tsaye, su wuce su durƙusa gaban Rifkatu su ce mata ya haƙuri. Wadda suka saba gani kusa da shi ke nan, na sani, amma duk da haka na riƙe fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu da za a ta da shi a zagaya da shi daga Samaru zuwa Sabon Gari, ban san ko zai gane abin da ya fara ba. Abin da aka yi masa dariya a kai ya zama ruwan dare. Ko'ina ƙyallen talla ne a jikin falwaya: koyi haɗa sola, koyi gyaran waya, koyi kwamfuta, koyi haɗa sabulu da turare. Mu ma a makaranta ba a ƙara wa malami girma sai ya je bita ya kawo takarda. Wasu kwasa-kwasan na gaskiya ne, sun fitar da matasa da yawa daga zaman kashe wando, ɗalibaina 'yan mata da dama da su suke riƙe da kansu. Wasu kuwa kwana uku ne a zauren otal, a sha shayi, a ɗauki hoto, a ba mutum satifiket mai zanen zinariya alhali bai taɓa riƙe filaya ba. Akwai ma wanda ake yi ta wayar hannu, malami bai san fuskar ɗalibinsa ba. Rufin shagunan Sabon Gari ya cika da farantan sola, kuma ba duka ne hannun kirki ya ɗora ba.

Me Malam zai ce a kan wannan? A irin wannan rubutu, a nan ne ɗa yake gyara zama ya ce "kamar yadda marigayi yakan gaya mana". Ni ba ni da abin kawowa. Duk abin da na sani na maganganunsa a bakin ɗalibansa na tsinta. Su suka gaya mini yakan ce wuta ba ta da aboki, ko ka tsufa tare da ita. Su suka gaya mini satin farko ba ya bari a kusanci wuta, sai ɓare waya kawai, har mutum ya iya cire roba bai yanke silin tagulla ko ɗaya ba. Su suka ce dokarsa ita ce wanda ya ɗaura shi ke kunnawa, da hannunsa, a gaban mai gida. Ka ga ko ra'ayin ubana a kan zamani sai na je na aro. In ina son sanin abin da zai ce game da kwas ɗin kwana uku, Rifkatu zan tambaya, kuma za ta sani.

Bayan rasuwarsa mai shagon ya karɓi abinsa, yanzu tayil ake sayarwa a wurin. Rifkatu ta kwashe allunan katakon ta buɗe nata a Samaru, ba nisa da gidana, kamar da gangan. Ta ƙara da haɗa sola da inbata, ta bar sati shida yadda yake. Bara ta zo mini har gida, ta zauna a ƙasa duk da na nuna mata kujera.

"Yaya, alfarma ne ya kawo ni. Za mu yi rajistan makarantan, an ce sai da suna. Sunan Baba muke so mu sa a allo. Na je wajen Sani, ya ce magana na wajenki."

Ashe akwai abin da ya rage a hannuna. Dariyarsa da hirarsa da sana'arsa duk sun kwashe, saura suna, wanda yake manne a bayan nawa tun ina firamare. Shi kaɗai ne abin da ban raba da su ba, shi ma ga shi an zo nema.

Na ce, "Rifkatu, sunan ubana ba kayan talla ba ne. Garin nan cike yake da masu sayar da satifiket. Ni ban san abin da kike koyarwa ba."

Ba ta yi fushi ba, ita ba ta ma san yadda ake yi ba. Ta ce, "To ki zo ki gani mana, Yaya. Sabon aji zai fara da hutun nan. Benci na nan."

Na ce mata gani ya kori ji, zan zo in duba, in na gamsu a yi magana, in ban gamsu ba ta nemi wani sunan. Haka na gaya wa maigidana, cewa duba makaranta zan je. Ya dube ni ya yi murmushi irin na wanda ya gano ni.

Haka na samu kaina, mace mai shirin aurar da 'ya, a kan benci tsakanin wata matar soja daga Basawa da wata yarinya da na taɓa kora daga aji saboda surutu. An ce gemu ba ya hana ilimi, ni ko gemun ba ni da shi, sai tabarau da ciwon gwiwa. Niyyata in zauna a baya in kama kuskure. Rifkatu ta miƙo mini guntun waya da 'yar wuƙa kamar kowa. A waje ni Yaya ce, a aji kuwa ba sani ba sabo. Na ɓare, ta ɗaga ta duba a haske, ta ce sili ya tafi, a sake. Na sake, ta ce a sake. Satin nan na farko yatsuna suka yi kanta. Kullum in koma gida ina zaginta a zuci, da safe kuma ni ce ta farko a ƙofa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne jin muryarsa a bakinta. Ba kwaikwayo take yi ba, ba ta ma san tana yi ba. Dokar aikin ita ce ba a kai hannu biyu wurin da wuta take, na hagu a bayan mutum yake zama. In ɗalibi ya manta sai ta buga benci ta ce, "Hagu a baya! Kana da wani ran a gida ne?" Yadda take jan maganar, da gyaran muryar da ke biyowa, nasa ne sak. Ranar da na kasa ɗaure waya a cikin makunni, ta zo ta kama hannuna gaba ɗaya, ta juya da ni har na ji inda ƙarfe ya ciji tagulla ya tsaya. Ta ce, "Nan ne. Baba ya ce in kin wuce nan kin yi zalunci, in ba ki kai ba kin yi ha'inci." Na ce mata zan zagaya. Na je bayan makarantar na yi kuka mai isata, rabi na kewa, rabi na baƙin cikin cewa ita daga bakinsa ta ji, ni kuwa sai daga nata.

Wata rana bayan an tashi, muna naɗe wayoyi mu biyu, na yi tambayar da na daɗe ina haɗiyewa.

"Duk zaman da kuka yi, ya taɓa yi miki maganata?"

Ta ajiye wayar da take naɗewa. Da wata ce da ta ƙirƙiro mini labari mai daɗi, ni kuma da na karɓa da hannu biyu.

"Yaya, ba zan yi miki ƙarya a kan mamaci ba. Ban taɓa ji ba."

Na gode mata. A ranar na san ba za ta sayar da satifiket ba, tunda ta ƙi yi mini ƙarya a inda ƙarya ta fi sauƙi. Kishin kuwa ko gezau.

Ranar yaye ɗalibai kowa ya tsaya gaban allonsa ya kunna abin da ya ɗaura. Nawa ya kama, daga farantin sola a kan rufi zuwa batir zuwa fitila, kuma na yi ihu kamar yarinya, ba zan ɓoye ba. Tsofaffin ɗaliban Malam sun zo, wasu da furfura, wasu da motoci, sajan ɗin nan na da yana dogara sanda. Ashe suna da wata al'ada da ban sani ba, kamar sauran abubuwa. Rifkatu ta tsaya ta ce, "'Ya'yan Baba, ku tashi." Na yunƙura, har na bar benci, sai matar sojan ta ja mini mayafi ta ce, "Anti, ba mu ba ne tukuna. Waɗanda suka koya a hannunshi ne." Na koma na zauna. 'Ya'yan Baba suna tsaye ɗaki guda, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Ibo da Bayarabe, ni 'yar cikinsa ina zaune ina kallonsu. Sannan aka ce, "Jikokin Baba, ku tashi," wato mu da muka koya a hannun ɗalibansa. Na tashi tare da yaran da na haifi kamarsu, aka miƙa wa kowa testa, ɗan sukudireban gwada wuta, aka tafa. Ban tsaya cin shinkafa ba.

Kai tsaye gidan Goggo na wuce. Ta tsufa ƙwarai yanzu, ido ya yi rauni, amma baki yana nan daram. Na zube mata duka, na ce yau an sauke ni daga 'ya an mai da ni jika a bainar jama'a, a makarantar da ke neman sunan ubana. Na ɗauka za ta taya ni. Sai tsohuwa ta kama dariya har da tari.

"Ke dai Binta ba ki da wayo. To ai kin huta! Tsakanin jika da kaka akwai kunya ne? Jika ai gemu take ja, ta kira shi tsoho, ta ce ya cika rowa, shi kuma dole ya tanka. Abin da kika daɗe kina nema an miƙo miki, kin taho kina kumburi."

Na ce wannan ai raina hankali ne. Ta ce to in zauna da hankalina, ta ja carbinta. Na zauna a bakin gadonta har la'asar ina juya maganarta.

Washegari na aika wa Rifkatu ta kira mai fenti. Allon yana nan yanzu a bakin titi, sunansa da manyan baƙaƙe, ina wucewa ta gabansa in zan je aiki. Kada wani ya ɗauka na warke. In na ga tana shiga ƙarƙashin allon nan da makulli a hannu abin yana motsa mini, kuma na san zai ci gaba da motsawa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ta riga ni samunsa, ba abin da zai canza wannan. In aka auna abin da Malam Isiyaku ya bari, babu shago, babu gidan bene, hotunansa ma kaɗan ne. Kunyar da ya riƙe da hannu biyu tana mutuwa a gidajenmu, kuma ni ba zan yi mata zaman makoki ba. Abin da ya rage gidaje ne a unguwannin Zabi da Basawa da garuruwan da bai taɓa zuwa ba, inda iyali ke kwana ba fargabar gobara, da magidanta da ke ciyar da 'ya'yansu da abin da suka koya a kan bencinsa. Ya yi wa jama'a uba na gaskiya, wannan ko mai kishi ba za ta musa ba.

Tunda an ce jika ce ni, bari in ci moriyar matsayina tun da sauran wuri a shafin nan. Kai tsoho, ka cika rowa. Kana da abin da ya ishi gari guda, ka rasa ɗan abin da za ka gutsura wa ta gida. To ga shi na zagaya ta bayan gida na ɗebi rabona, ba da izininka ba. Jiya na canza makunnin ɗakin Goggo da ya daɗe yana tartsatsi, ta ce aikina ya fi naka kyau, ko da yake ba ta gani sosai. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Amma kada ka ɗauka ka tsira. In Allah ya haɗa mu, tsokanarka zan yi a gaban kowa, kuma dole ka kira sunana ka rama.